Aikin jiran aiki

Tambayoyi biyu ne ke bin duk wanda ya ƙare karatu ya fito da takardar shaida a hannu. Ta farko ita ce: ina zan samu aiki? Ta biyu kuwa: wane irin ma'aikaci zan zama nan da shekara ashirin? Ta farko tana da ƙarfin murya, domin ciki ne ke yin ta, iyaye suna maimaita ta, maƙwabta kuma suna tuna wa mutum ita da ido ko da ba su buɗe baki ba. Ta biyu ba ta da mai yin ta sai mutum da kansa, shi ma sai dare ya tsala, gari ya yi tsit. Shi ya sa galibi akan amsa ta farko, a jingine ta biyu da niyyar za a waiwaye ta in hankali ya kwanta. Abin da muke son mu duba tare da mai karatu shi ne: jinginewar nan tana yiwuwa kuwa? Ko dai duk wanda ya amsa tambayar farko ya riga ya fara amsa ta biyu bai sani ba?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe kalmomi uku da bakin yau da kullum ke cuɗanyawa. Gurbi shi ne kujerar da wata ma'aikata ta buɗe, da sunanta da albashinta. Ana bayar da shi, ana kuma karɓe shi. Aiki shi ne abin da hannu da ƙwaƙwalwa ke yi daga safe zuwa marece. Sana'a kuwa ita ce abin da ke zama a jikin mutum bayan shekaru na maimaita aikin, har a riƙa kiran sa da ita: maƙeri, majemi, magini, malami. In an bi diddigi, mai neman aiki gurbi yake nema. Amma abin da zai tsufa da shi sana'a ce, ko kuma rashinta.

Yadda tsani ya karye

Magabatanmu da suka yi lakwal a shekarun 1960 da 1970 ba su san rabuwar tambayoyin nan biyu ba. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatun ɗalibi, ita ke nuna masa fannin da zai bi, in ya gama ta ba shi lambar aiki ta dindindin, wadda muka fi sani da matirkil, ta tura shi inda take bukatarsa. Daga ranar nan rayuwarsa a shimfiɗe take kamar tsani: mataki bayan mataki, ƙarin girma bayan ƙarin girma, har zuwa ritaya. Masu ilimin boko ba su da yawa, guraben sun fi su yawa, kuma kuɗin uraniyum da aka fara haƙa a Arlit a 1971 sun ba baitulmali ƙarfin ɗaukar kowa.

A farkon shekarun 1980 farashin uraniyum ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, aka shiga tsare-tsaren tsuke bakin aljihu tare da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Ƙofar aikin gwamnati ta fara ƙuntata. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairun 1990 sun fito ne suna ƙin matakan tsukewar da suka shafi ilimi da makomarsu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuma a cikin shekarun nan ma'aikatan da ke da gurbin ma sun sha bin gwamnati bashin albashi na watanni. A ɗaya gefen, jama'a ba ta daina ƙaruwa ba: ƙidayar 2012 ta ba da mutum sama da miliyan 17, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ban da ta Yamai, abin alheri ne, sai dai ya ƙara yawan masu fitowa da takarda kowace shekara.

Tsanin ya karye, amma tunanin da ya haifa bai karye ba. Har yanzu a gidaje da yawa ana ɗaukar samun aiki a matsayin ƙarshen tafiya, ranar da za a sauke kaya a sha ruwa. Duk abin da mutum ya yi kafin ranar nan, bautar ƙasa ta shekara biyu, sitaj marar albashi, kwantiragin wata shida a wani furoje, kabu-kabu, tsaron shagon ɗan'uwa, ana lissafa shi a matsayin jira. Daga nan aka samu wani sabon nau'in aiki da kakanninmu ba su sani ba: aikin jiran aiki.

Wanda ke jira da wanda ake jira a kansa

Babu inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar aikin koyarwa. Daga 1998 gwamnati ta fara ɗaukar masu sa kai a fannin ilimi a kan jika 35 a wata, waɗanda daga baya aka mayar malaman kwantiragi. Cikin ƴan shekaru suka zarce malaman dindindin yawa. Adalci ne a faɗa cewa da su aka buɗe dubban azuzuwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo da alli ba, wasu a rumfunan kara, kuma da yawansu sun riƙe amanar da zuciya ɗaya, duk da ƙarancin horo da jinkirin biya. Amma gaskiya ce kuma cewa da yawa sun shiga ne don babu wata ƙofar da ta buɗe, ƙafa ɗaya a aji, ɗaya a bakin hanya, kunne na sauraron sanarwar jarrabawar shiga kwastan ko jandarma.

Babu laifi ga mutum ya so abin da ya fi. Matsalar tana wani wurin. Shi malamin yana jira, amma yarinyar da ke zaune gabansa a ajin farko ba jira take ba. Shekarar da za ta koyi haɗa baƙi da wasali ita ce wannan, ba za a maido mata da ita ba. In malaminta ya tafi bayan shekara uku ya samu gurbin da yake mafarki, shi ya fita daga jira, ita kuwa ta shiga aji na huɗu ba ta iya karanta sunanta ba. Haka majinyacin da ya faɗa hannun ma'aikacin asibitin da ke jira, haka manomin da takardarsa ta faɗa teburin magatakardan da ke jira. Ashe kowane aikin jira yana da wanda ake jira a kansa, kuma shi ba a shawarce shi ba. Wannan shi ne fuskar farko ta tambayar ta fannin ɗabi'a: wanda ya karɓi albashi, komai ƙanƙantarsa, ya karɓi amanar mutanen da ba su da hannu a ƙanƙantar albashin.

Fuska ta biyu ta shafi mai jiran da kansa. Sau da yawa jiran wata shida yakan zama shekara goma. A 2017, da gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi na firamare gwaji, sakamakon da aka bayyana ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai suka samu rabin maki ko fiye. An yi ta jayayya a kan yadda aka shirya gwajin, kuma babban alhaki yana wuyan tsarin da ya ɗauki mutane da horon ƴan makonni ya bar su ba mai waiwayarsu. Duk da haka akwai abin tsoro a ciki ga kowane ma'aikaci: mutum na iya shafe shekaru a aiki ba tare da aikin ya zama sana'a a jikinsa ba. Shekarun sun tafi, gurbin da ake jira bai zo ba, ƙwarewar da za ta tsaya wa mutum ranar gwaji ita ma ba ta samu ba.

Rinin farko

Me ya sa haka ke faruwa? Ibni Haldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya yi dogon bayani a kan sana'o'i. A ganinsa sana'a ɗabi'a ce da ke kafuwa a rai ta hanyar maimaita aiki sau bayan sau har siffarsa ta zauna daram, kuma kyawunta yana bin kyawun koyarwa da ƙwarewar wanda aka koya a hannunsa. Ya ƙara da wata magana da ta fi shafar zancenmu: wanda ya riga ya ƙware a sana'a ɗaya da wuya ya ƙware a wata bayanta, domin ɗabi'ar farko ta riga ta rine rai da launinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya san abin da ake nufi. Farin ƙyalle yana karɓar kowane launi, amma in ya sha baba sau ɗaya, duk rinin da za a yi masa daga baya a kan shuɗin zai hau.

In haka ne, babu ranar aikin da ba ta koya wa mutum wani abu ba. Wanda ya yi shekara biyar yana zuwa a makare, yana tashi da wuri, yana yin abin da zai hana a yi masa faɗa kawai, bai zauna fari fat yana jiran rinin gaskiya ba. Ya koyi sana'ar rabin zuciya, ya kuwa ƙware a cikinta. Ranar da babban gurbin ya zo, da wannan hannun zai kama shi, domin ba shi da wani hannun a ajiye. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun farko na aiki su ne ɗanyantakar ma'aikaci.

Wani na iya cewa wannan hikimar dā ce. To, masu lissafin zamani ma sun tarar da sawunta a ƙasashen da ke da rajistar albashi ta shekaru masu yawa. Wasu masana tattalin arziki uku sun wallafa bincike a 2012 a kan ɗaliban jami'a na Kanada. Sun gano cewa waɗanda suka ƙare karatu a shekarar da tattalin arziki ya karye sukan fara da albashi ƙasa da na takwarorinsu da kusan kashi 9 cikin 100, kuma giɓin ba ya rufewa sai bayan kimanin shekara goma. Waɗanda suka fi saurin farfaɗowa su ne masu tashi daga ƙaramar ma'aikata zuwa wadda ta fi ta. Kanada ba Nijar ba ce, amma darasin biyu ne, kuma dukansu sun shafe mu: ƙofar da aka shiga ta farko tana bin mutum nesa, sannan mai fita daga ƙaramin gurbi sai ya fita da abin nunawa a hannu.

Darasin kasuwa

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga tsarin da ya haɗa neman abinci da ginin sana'a a igiya ɗaya. Kasuwarmu ta daɗe da shi. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya bayyana dangantakar ubangida da bara, da abin da ƴan kasuwa ke kira arzikin mutane. Yaro yakan shiga hannun maigida ba tare da takardar yarjejeniya ba. Ya fara da ɗaukar kaya da aike, ya kai ga tsaron shago, ya kai ga a ba shi kaya ya kai wata kasuwa ya dawo da ciniki. Kowane mataki gwaji ne na wanda ke gabansa. Bayan shekaru, in amanarsa ta tabbata, maigida ya yi masa aure, ya ba shi jari ko ya tsaya masa a ba shi kaya bashi, shi ma ya zama mai yara.

Kada mu yi wa tsarin nan kwalliyar da ba tasa ba. Akwai iyayen gida da suka ci ƙarfin yaransu suka sallame su hannu rabbana, kuma babu dokar da yaron zai kai kuka gare ta. Amma abin lura shi ne yaron kasuwa bai taɓa ɗaukar ɗaukar kaya a matsayin jira ba. Ya san ana kallonsa, ya san jarin da zai samu nan da shekara goma yana cikin canjin dala biyar da ya maido yau. Takardar neman aikinsa ita ce halinsa, kuma kullum yana cikin rubuta ta.

Abin mamaki, wani masanin zamantakewa na Amurka, Mark Granovetter, ya tarar da makamancin haka a wata unguwa kusa da birnin Boston. A littafinsa na 1974 ya nuna cewa fiye da rabin ma'aikatan ofis da injiniyoyi da manajojin da ya tambaya sun samu aikinsu ne ta bakin wani mutum, kuma galibi mutumin ba ɗan'uwa ba ne ko amini, wani ne da suke haɗuwa jefi-jefi: tsohon abokin aiki, tsohon shugaba, wanda suka taɓa yin wata hulɗa. Dalili kuwa a fili yake. Na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani. Na nesa ne ke jin labarin ƙofar da ba ka ji ba. Kuma na nesa ba ya ambaton sunanka don ƙauna, sai don abin da ya gani a hannunka.

A nan ya wajaba mu tsaya mu rarrabe abu biyu masu kama da juna. A Nijar kowa ya san haruffa ukun nan na Faransanci, PAC, da ake yi wa ɗaukar aiki shaguɓe da su: dangi, abokai da sanayya. Hausawa kuma sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. To, mene ne bambancin wanda aka ɗauka don kawunsa da wanda aka ɗauka don tsohon shugabansa ya yabe shi? Bambancin shi ne abin da aka shaida. Na farko an shaidi jininsa, na biyu an shaidi aikinsa. Na farko ya tare gurbin wani da ya fi shi cancanta, ya kuma shiga da bashin da zai yi ta biya da shiru ranar da ya kamata ya yi magana. Wanda ya sayi gurbi da kuɗi kuwa ya fi shi shiga uku, domin jarin da ya zuba sai ya fanshe shi, kuma daga aljihun talakan da ya zo neman haƙƙinsa zai fanshe. Yadda aka shiga aiki yana cikin aikin har ranar fita. Shi ma rinin farko ne.

Hujjar mai jin yunwa

Akwai suka mai nauyi da za a iya yi wa duk abin da muka faɗa, kuma bai kamata mu kauce mata ba. Za a ce: tsara rayuwar aiki ta shekara ashirin zancen ƙoshi ne. Saurayin da mahaifinsa ya sayar da bisashe ya yi masa karatu, ƙanne shida na kallonsa, ba shi da zaɓi tsakanin gurbin da ke koyarwa da wanda ba ya koyarwa. Abin da ya samu shi zai kama, da babu gara ba daɗi. Matar da aure ya kai ta garin da babu aikin fanninta ba ita ta tsara haka ba. Za a kuma ƙara da cewa arziki rabo ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama, zafin nema kuma ba ya kawo samu.

Rabin farko na sukar gaskiya ne, mun karɓe shi. Babu wanda ke da ikon zargin mai jin yunwa don ya karɓi aikin da bai dace da karatunsa ba. Zaman fada ana shan shayi daga hantsi zuwa dare, wanda matasa da kansu ke kira zaman kashe wando, bai fi kowane aikin halal daraja ba, kuma shi ma yana rina mai yin sa. Sai dai sukar ta ɗauka cewa tsari yana nufin zaɓen gurbi. Ga mafi yawan mutane tsari yana nufin abin da za su yi da gurbin da ba su zaɓa ba. Manomin ƙasar nan ya fi kowa sanin yunwa, damina wata uku ce zuwa huɗu, rumbu kan ƙare kafin sabon hatsi. Amma duk tsananin bazara, iri shi ne abu na ƙarshe da yake taɓawa, domin ya san wanda ya ci iri ya ci baɗi. Ba ƙoshi ne ya koya masa wannan ba, yunwar ce.

Irin ma'aikaci abu uku ne. Na ɗaya, wata ƙwarewa da zai fita da ita wadda bai shigo da ita ba: malamin kwantiragi ya iya koyar da karatu har a san shi da haka, mai tsaron shago ya iya riƙe littafin lissafi, ɗan sitaj ya iya rubuta rahoton da ba sai an gyara ba. Na biyu, mutum biyu ko uku da za su iya shaidar aikinsa ba tare da sun yi ƙarya ba. Na uku, suna mai tsabta. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ke bukatar jari, kuma babu wanda za a iya tarawa a makon da aka buga sanarwar ɗaukar ma'aikata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da rabo kuwa, wanda ya yi imani da shi ya fi kowa dalilin kyautata aikin da ke hannunsa. In samun gurbi ba a hannunka yake ba, to abin da ya rage a hannunka shi ne yadda za ka yi na yau, kuma a kansa ne za a tambaye ka. Manomi bai taɓa cewa tun da ruwa na Allah ne ba zai yi shuka ba.

Gurbi na mutuwa, zare na tafiya

Akwai wani dalilin da ya sa ba za a jingina rayuwa a kan gurbi kaɗai ba: gurabe suna mutuwa. Dattawan Maraɗi da Damagaram suna tuna zamanin da SONARA ke sayen gyaɗa, aiki a cikinta ya zama abin alfahari. Yau sai a tarihi. Bankin BDRN ya durƙushe a 1990. Mahaƙar Akuta ta kamfanin COMINAK, wadda ta fara fitar da uraniyum a 1978, an rufe ta a ƙarshen Maris na 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka koma neman abin yi. A irin wannan rana kowa kan fita da abin da ke jikinsa ne. Mai walda ya fita da waldarsa, mai gyaran lantarki ya fita da iliminsa, wanda kuwa bai mallaki komai ba sai sunan kamfanin a kan katinsa ya fita da katin.

Saboda haka rayuwar aiki ta zamaninmu ta fi kama da zare da ke ratsa duwatsun wuya iri-iri. Tarihin Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, misali ne mai kyau. An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyyar fizik a Faransa, ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako, ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka a 1964, ya dawo gida a 1969 ya jagoranci ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, ONERSOL, daga baya ya shugabanci jami'a, ya rasu a 1991. In aka ƙirga gurabe da ƙasashe, za a ce mutum ne da bai zauna wuri ɗaya ba. In aka dubi zaren kuwa, tambaya biyu ce ya bi duk rayuwarsa: yadda Afirka za ta ilmantar da ƴaƴanta, da yadda za ta mori ranar da ke dukan ta. Ba kowa ne zai zama Abdu Mumuni ba, amma kowa na iya tambayar kansa, duk lokacin da zai bar wani aiki ya kama wani: mene ne na ɗauko daga can da zai yi amfani a nan? In amsar ita ce babu, sau uku a jere, to ba tafiya ake ba, zagaye ake.

Wannan ya kuma amsa tambayar ko barin aiki don wanda ya fi shi cin amana ne. Ba cin amana ba ne, muddin an bar shi ta ƙofa: an cika wa'adin da aka ɗauka, an sanar da wuri, ba a watsar da aji a tsakiyar shekara ba, an miƙa wa magaji komai a tsare. Amana ba ta ce a dawwama ba, ta ce a yi aikin sosai muddin ana cikinsa, a kuma fita ba a bar ɓarna ba.

Haƙƙin da ke kan sauran jama'a

Zai zama zalunci a ɗora wa matashi dukan nauyin nan a bar waɗanda ke ɗaukar sa. In ana son mutum ya ɗauki ƙaramin gurbi a matsayin matakin farko, dole ne a nuna masa mataki na biyu. Maigidan kasuwa, duk da aibobinsa, ya san cewa yaron da bai hango jari ba ba zai riƙe amana ba. Ma'aikatar da ke riƙe mutum shekara goma a kwantiragi, ba horo, ba ƙa'idar da aka sani ta samun matirkil, ba bambanci tsakanin mai ƙwazo da mai barci, ita ce da kanta ke koya masa cewa aikinsa jira ne. Kamfani ko ƙungiyar da ke jera ƴan sitaj suna yi mata aikin ma'aikata kyauta, wannan ya tafi wancan ya zo, ita ma tana cin irin wasu. Ba a neman zuciya ɗaya daga wanda aka ba rabin alkawari.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu su ma suna da nasu kason. Muna koya wa ɗalibai yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake haɗa dosiye, abu ne mai kyau. Amma da wuya mu gayyato maƙeri ko ungozoma ko tsohon direba ya zauna gaban aji ya ba da labarin shekara talatin na sana'arsa: wa ya koya masa, ina ya yi tuntuɓe, me ya sa mutane ke dawowa wurinsa. Yaron da bai taɓa jin labarin rayuwar aiki daga farko zuwa ƙarshe ba, ba abin da zai hango sai ranar ɗauka. Iyaye kuma, in ɗansu ya samu ɗan abin yi, bayan tambayar nawa ake biya, su ƙara da: me kake koyo, a hannun wa?

Mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Jingine tambaya ta biyu ba ya yiwuwa, domin kwanakin da mutum ke kira na jira ana cire su ne daga adadin kwanakinsa, ba daga wani rumbu na dabam ba. Mai neman aiki ya nema da duk ƙarfinsa, ya buga kowace ƙofa ta halal, mai nema yana tare da samu. Amma ya sani cewa wanda zai shiga ƙofar in ta buɗe shi ne mutumin da yake ginawa yau, a ajin kara, a bakin shago, a kan babur. Allah ya ba masu nema sa'a, ya kuma sa ranar samu ta tarar da su da abin riƙe ta.